Bayan Da Ta Ce Ba Za Ta Iya Ba

Mun daɗe tare har magana ta kai ga aure, kuma duk wanda ya san ni ya san ta, saboda haka lokacin da ta sanar da ni cewa ba za ta iya ci gaba ba, abin da ya rushe ya wuce soyayyar mutum biyu, ya haɗa da lissafin shekaru masu zuwa da na riga na gama yi a raina. Ba faɗa muka yi ba, kuma iya sanina babu wanda ya shiga tsakaninmu. Ta ce ta daɗe tana kokawa da zuciyarta, ta yi iya ƙoƙarinta don ta saba da tunanin zama da ni har ƙarshen rayuwa, amma hankalinta ya ƙi kwanciya, kuma tana ganin gara ta faɗa tun yanzu da ta faɗa bayan an ɗaura aure. Na saurare ta har ta gama, na ce Allah Ya zaɓa mana mafi alheri, na tashi. A ranar ban ji komai ba, har na yi mamakin ƙarfin halina.

Jikina ne ya riga hankalina gane abin da ya faru. Cikin 'yan kwanaki barci ya ƙaurace mini, in na samu na runtsa sai in farka cikin tsakar dare idona ya bushe, sha'awar cin abinci ta ɗauke, sannan wani nauyi ya zauna mini a tsakiyar ƙirji wanda ba ya tafiya ko na zauna ko na kwanta. Da abin ya ƙi sauƙi, na fara tsoron ko ciwon zuciya ne ya kama ni, sai na je asibiti. Likitar da ta duba ni dattijuwa ce mai natsuwa. Ta auna jinina, ta sa aka jona mini na'urar nan da ke zana bugun zuciya a kan takarda, ta duba sakamakon, sannan ta ajiye biro ta ce, "Malam, zuciyarka lafiya lau take. Akwai abin da ya same ka kwanan nan?" Na yi jim, domin ban zo da niyyar faɗa wa kowa ba, amma na faɗa mata a taƙaice.

Ba ta yi mini dariya ba, ba ta kuma yi mini wa'azi ba. Ta ce na yi daidai da na zo, domin ciwon ƙirji ba abin da mutum zai yanke wa kansa hukunci a gida ba ne, kuma baƙin ciki mai tsanani yana iya taɓa zuciya da gaske. Ta ba ni labarin wata cuta da ake kira takotsubo, wadda likitocin Japan suka fara bayyanawa a shekarar 1990. Idan mummunan labari ya dira wa mutum kwatsam, sinadaran tashin hankali irin su adirenalin sukan yi ambaliya a cikin jini har su raunana ɗakin hagu na zuciya, wanda shi ne ke harba jini zuwa sassan jiki, sai mutum ya zo asibiti da dukkan alamun ciwon bugun zuciya alhali jijiyoyinsa ba su toshe ba. Kusan tara cikin goma na masu kamuwa da ita mata ne, yawancinsu waɗanda suka daina al'ada, kuma mafi yawa suna warkewa cikin makonni, ko da yake takan zo da haɗari. Ni ba ita ce ta kama ni ba. Nawa tsokar ƙirji ce ta ɗaure saboda fargaba da rashin barci. Amma na fito daga ɗakin da sauƙin da ban shiga da shi ba, domin a karon farko wani ya ɗauki abin da ke damuna a matsayin ciwo, bai ɗauke shi a matsayin ragwanci ba.

Wannan ziyarar ce ta sa na fara karance-karance a kan lamarin, tun da dai dare yana da tsawo ga wanda ba ya barci. Na ci karo da binciken da Ethan Kross na Jami'ar Michigan a Amurka ya yi da abokan aikinsa a 2011. Sun tara mutum 40 waɗanda masoyansu suka rabu da su cikin watanni shida da suka gabata, suka sa su cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, suka nuna wa kowa hoton wanda ya bar shi suka ce ya tuna ranar rabuwar, sannan a wani zagayen suka ɗora masa abu mai zafi a hannu. Wasu sassan ƙwaƙwalwa da ke aiki lokacin da fata ta ji zafi su ne suka motsa lokacin kallon hoton. Masana suna ta muhawara a kan ko zafin biyu abu ɗaya ne ko kuwa maƙwabta ne kawai a cikin ƙwaƙwalwa, amma ni abin da na ɗauka a ciki ya ishe ni: mutumin da aka rabu da shi ya ce ƙirjinsa yana ciwo, ba ƙarin gishiri yake yi ba.

Mataki na gaba shi ne wanda ya fi cin mutuncina a idon kaina, wato matakin waya. Shekaru na yi ina farawa da saƙonta da safe ina rufewa da muryarta da dare, saboda haka hannuna ya ci gaba da kai wa wayar cafka a waɗannan lokutan kamar babu abin da ya canza. Nakan buɗe tsofaffin hirarrakinmu in karanta daga sama har ƙasa, nakan duba ko tana kan layi, in na ga ta sa sabon hoto sai in zauna ina fassara murmushinta, ko na farin ciki ne ko na ɓoye damuwa. Duk leƙen da na yi yakan ba ni sauƙi na ɗan lokaci, sannan ya bar ni cikin halin da ya fi na da muni. Hausawa sun ce sabo turken wawa, kuma a waɗannan makonnin na san ma'anar turken.

A nan ma na tarar an riga an bincika. A 2010 Helen Fisher ta Jami'ar Rutgers da abokan aikinta sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutum 15 waɗanda aka rabu da su amma har lokacin suna cikin son wanda ya bar su. Mutanen sun ce fiye da kashi 85 cikin ɗari na lokacin da suke farke a tunanin masoyin yake tafiya, kuma da aka nuna musu hotonsa, sassan da suka motsa sun haɗa da waɗanda ke da alaƙa da sinadarin dofamin, mai sa mutum marmarin abin da ke faranta masa, da kuma tsananin ƙawa, irin waɗanda ake gani a wurin masu shan hodar ibilis idan ƙishirwarta ta taso musu. Ita kuma Tara Marshall ta Jami'ar Brunel a Ingila ta tambayi mutum 464 a 2012, ta gano cewa waɗanda suka fi bibiyar shafin tsohon masoyinsu a Facebook su ne suka fi damuwa da bege, kuma su ne suka fi jinkirin farfaɗowa. Irin wannan binciken ba ya iya tantance wanne ne ya haifi wani, domin mai yiwuwa wanda ya fi jin ciwon ne dama ya fi yawan leƙe. Ni dai a kaina na gwada, kuma na ga bambancin ranar da na leƙa da ranar da ban leƙa ba.

Abin da na yi ba shi da wata dabara. Na kwashe hotuna da hirarraki na zuba su a wata ma'ajiyar kwamfuta na ba wani aminina ya riƙe, domin a lokacin ban iya gogewa ba, ban kuma iya zama da su a aljihu ba. Na daina bin shafukanta, na roƙi abokan da muka haɗa da ita cewa kada su kawo mini labarinta, ko mai daɗi ko marar daɗi. Na tura mata saƙo ɗaya na sanar da ita cewa zan yi nisa na wani lokaci, kuma ba don ƙiyayya ba, don kada ta ji labari a wani wuri ta ɗauka gaba ce. Kwanakin farko sun yi wuya ƙwarai. Na kuma lura cewa umartar kaina da in daina tunaninta ba ya haifar da komai sai ƙarin tunanin. Masanin halayyar ɗan'adam Daniel Wegner ya nuna haka tun 1987, lokacin da ya ce wa mutane su yi minti biyar kada su tuna farin beyar, dabbar nan ta ƙasashen ƙanƙara, su kaɗa ƙararrawa duk lokacin da ta faɗo musu a rai. Ƙararrawar ba ta huta ba, kuma da aka ba su izinin tunawa daga baya, sun fi waɗanda ba a taɓa hanawa ba yawan tunanin. Saboda haka na bar yaƙi da tunanin. Na ware masa lokaci da yamma, in zauna in rubuta duk abin da ya zo, in rufe littafin in tashi, idan kuma ya taso a wurin aiki sai in ce masa ya jira lokacinsa. Wani lokaci yakan jira.

Sai dai duk wannan bai taɓa ainihin abin da ke cina ba. Abin da ke cina shi ne shari'ar da na kafa a cikin kaina, wadda nake zama a kanta dare da rana, ni ne mai ƙara, ni ne lauya, ni ne alƙali. Ina son a gaya mini dalili. A ganina, mutum ba zai bar wanda bai cuce shi ba haka kawai, saboda haka dole akwai mai laifi. Wata rana in yanke cewa ita ce, ta yaudare ni ta ɓata mini shekaru, sai in kwana da fushi. Washegari in juya in yanke cewa ni ne, in bi kowace magana da na taɓa faɗa mata ina neman wadda ta kore ta, sai in kwana da raina kaina. Na tsara wasiƙu da yawa a raina waɗanda za su sa ta gane kuskurenta ta dawo. Na yi imani cewa da za ta zauna da ni sau ɗaya ta yi mini cikakken bayani, da na huta.

Ƙanin mahaifiyata ne ya rushe wannan kotun, kuma ba da hujja ya yi ba, da labari ya yi. Ya ga yadda na rame, ya kira ni gefe, na zayyana masa komai har da buƙatata ta a ba ni dalili. Ya ce, "Ɗana, ka san labarin Barira da Mugis?" Na ce, "Na taɓa ji, Kawu, amma ban riƙe ba." Ya ce Barira baiwa ce da Nana A'isha ta saya ta 'yanta, mijinta Mugis kuwa bawa ne, kuma da ta sami 'yanci aka ba ta zaɓin ta zauna da shi ko ta rabu da shi, sai ta zaɓi rabuwa. Ibn Abbas ya ce kamar yana ganin Mugis yana bin ta a baya yana kuka, hawaye na zuba a gemunsa. Annabi (SAW) ya ce wa Abbas, ba ka mamakin irin son da Mugis yake yi wa Barira da irin ƙin da Barira take yi wa Mugis? Sannan ya ce wa Barira da ma ta koma masa. Ta tambaya ko umarni yake ba ta, ya ce a'a, ceto kawai yake yi, sai ta ce ba ta da buƙatarsa. Bukhari ne ya rawaito.

Kawu ya ce in lura da abubuwa biyu. Ba a tsawata wa Mugis don ya yi kuka a bainar jama'a ba, ba a ce masa ya ji kunya shi namiji ne ba, har ma an je an nema masa. Ita ma Barira ba a tilasta mata ba, ba a ce ta kawo dalili ba, ba a kira ta azzaluma ba, alhali wanda ya fi kowa daraja ne ya roƙe ta. Ya ce, "Yarinyar nan ta gaya maka dalilinta, hankalinta bai kwanta ba. Kai ne ka ƙi karɓarsa don bai yi maka girman ciwon da kake ji ba." Na daɗe ina juya wannan maganar. Daga baya na tuna cewa ni ma, shekaru kafin haka, na taɓa janyewa daga wata da ke sona, ba don ta yi mini komai ba sai don zuciyata ba ta tafi wurinta ba, kuma ban taɓa lissafa kaina cikin macuta ba, ba na kuma jin ya kamata a lissafa ni. Da ta zo ta tsare ni da neman dalili, da ban sami abin da zan ba ta ba wanda ya wuce abin da aka ba ni. Tun daga nan shari'ar ta fara rasa masu halarta. Ba na cewa kowace rabuwa haka take, domin akwai wadda cin amana ko duka ko yaudara ke kawowa, kuma a can akwai mai laifi ƙarara. Tawa ba ta cikinsu, kuma na yi watanni ina neman abin da babu.

Wani abin da ban zata ba shi ne yadda mutane suka fara buɗe mini cikinsu da zarar na daina ɓoye nawa. Wani abokin aikina da ya girme ni, wanda ban taɓa ganinsa cikin damuwa ba, ya gaya mini cewa ya kusa barin karatu saboda wata da ta auri wani. Wata 'yar uwata ta ce ita ce ta raba nata, amma ta yi shekara tana kuka a ɓoye domin kowa yana ganin wanda ya tafi ba shi da haƙƙin jin ciwo. Shi kansa Kawu, da na tambaye shi yadda aka yi ya riƙe labarin Mugis haka, murmushi kawai ya yi ya canza magana. Maza musamman sun iya binne wannan abu, har ka zauna da mutum shekaru ba ka san ya bi ta wannan hanya ba. Wasu kan ce soyayya irin wannan baƙuwa ce, fina-finai ne suka koya wa mutane, amma a 1992 masana al'adun ɗan'adam William Jankowiak da Edward Fischer sun duba bayanan al'ummomi 166 na sassan duniya, suka sami shaidar soyayyar zuciya a 147 daga ciki. Inda duk ake so kuwa, akwai wanda ba a so shi ba.

A cikin masu ba ni haƙuri na gane waɗanda suka taɓa shiga da waɗanda ba su taɓa ba. Waɗanda ba su taɓa ba su ne masu cewa mata sun yi yawa a duniya, ko su ce son maso wani ƙoshin wahala, ko su fara zagin ta don su faranta mini, abin da yake sa ni in kama kare ta ba tare da na shirya ba. Maganganunsu ba ƙarya ba ne, lokacinsu ne bai yi ba. Waɗanda suka taɓa shiga kuwa ba su cika yawan magana ba. Sukan zo su ja ni mu fita yawo, su tambaye ni ko na yi barci, su bar ni in maimaita labarin da suka riga suka ji ba tare da sun nuna gajiya ba.

Farfaɗowar ba ta zo a jere ba. Da yawa sun karanta mini matakan baƙin ciki biyar da ake yawan ambato, daga musu zuwa fushi har zuwa sallamawa, amma likita Elisabeth Kübler-Ross ta tsara su ne a 1969 daga hirar da ta yi da marasa lafiyar da ke fuskantar mutuwa, kuma ita kanta ta ce ba lallai su zo bi da bi ba. Ni nakan yi mako ina jin na warke, sai ƙamshin wani turare a cikin taron jama'a ya mayar da ni baya. Ranar da na ji labarin an sa mata rana da wani, barcin ya sake gudu, amma wannan karon na kwanaki kaɗan ne. Da haka na riƙa auna ci gabana, da yadda faɗuwar ke raguwa tsawo, domin daina faɗuwar gaba ɗaya ya ɗauki lokaci mai yawa. Barci ne ya fara dawowa, sai cin abinci, sai iya mayar da hankali ga aiki. Abin da ya zo a ƙarshe shi ne sanin abin da nake so ni kaɗai, domin shekarun da muka yi sun cakuɗa ra'ayina da nata har na kasa tuna wane buri ne nawa tun asali. Na koma wa karatun da na ajiye da abokan da na yi wa nisa, wasu sun karɓe ni hannu biyu, wasu kuma sai da suka ɗan ja mini rai, kuma da gaskiyarsu.

Likitar nan ta yi mini wani gargaɗi da na riƙe. Ta ce idan baƙin cikin ya kai mako biyu ko fiye yana cika kusan kowace rana, mutum ya daina jin daɗin komai, ya kasa gudanar da harkokinsa, ko ya fara jin cewa mutuwa ta fi masa, to lamarin ya wuce a bar wa lokaci, ciwon damuwa ne da ke buƙatar likita, kuma tunanin kashe kai ba a jira da shi ko kwana ɗaya. Ni ban kai can ba, amma wani abokina ya kai, kuma ganin likitan ƙwaƙwalwa ne ya tsamo shi.

Nasa ya fi nawa nauyi ta kowace fuska, domin aure ne ya mutu, kuma akwai 'ya'ya. A ma'aunin da likitoci biyu, Thomas Holmes da Richard Rahe, suka fitar a 1967 don auna nauyin abubuwan da ke girgiza rayuwar mutum, mutuwar miji ko mata ce a sama da maki 100, saki yana biye mata da 73. Maganin da ya fi yi mini aiki, wato yin nisa da yanke labari, shi ba shi da damarsa, domin dole su yi magana a kan makaranta da asibiti da ranar da yara za su zo wurinsa. Ya ce ayar da yake riƙewa ita ce ta Suratul Baƙara da ta ce ko dai a riƙe da alheri ko a saki da kyautatawa, kuma ya gano cewa kyautatawar ba a ranar saki take ƙarewa ba, kowane mako sai an sake ta. Sun yi yarjejeniya cewa maganarsu ta tsaya a kan yara, a rubuce in ba dole ba, kuma babu wanda zai aibata ɗaya a gabansu. Ya fi ni daɗewa a cikin lamarin, kuma har yanzu yakan kira ni a daren da ya mayar da yaran wurin mahaifiyarsu, mu yi hira a kan wani abu dabam har ya ji barci.